Buhu Biyar na Kawu Gajere

Tun Ma'u tana yarinya ta san cewa sunan kawunta Gajere ba ya zama a takarda. Za a rubuta shi a ƙauyensu Boko a gaban idonsa, a tambaye shi sunan uba, ya dangwala yatsa, amma kafin takardar ta je gari ta dawo sai a tarar sunan ya sauka a hanya. Haka aka yi a rabon iri, haka aka yi a na injin feshi, na takin zamani kuwa ba a ma lissafawa. Duk shekara sai ya wanke farar rigarsa ya je ya tsaya a rana, a kira na gabansa, a kira na bayansa, ya dawo gida ya ce bana ma ba rabo. Kuma bai taɓa fashi ba.

Ita Ma'u a Kankia take zaune, kullum da safe ta hau mota zuwa Kusada, inda take koyarwa a cibiyar kwamfuta ta Malam Jaji. A wurin Kawu wannan ba aiki ba ne. Idan aka tambaye shi me ɗiyar ƙanwarsa ke yi, sai ya ce, "Latse-latse," ya kawar da kai. Abin yana yi mata ciwo fiye da yadda take nunawa, don shi ya riƙe ta shekara shida bayan rasuwar mahaifinta, kuma babu wanda take so ya ce ta yi abin kirki kamarsa.

Kwamfutoci goma sha biyu ne a cibiyar, kuma sun girmi wasu daga cikin ɗaliban. Wata ƙungiya ce ta kawo su kyauta, aka yi taro, aka ɗauki hoto, aka watse aka bar Ma'u da su. Idan ta kunna su da safe sai ta je ta share aji, ta sha kokonta, ta dawo ta tarar suna nan suna shawarar ko za su tashi. An taɓa gwada ɗora wa ɗaya sabuwar manhaja. Tun ranar a kanta ake ajiye rajistar ɗalibai.

Abin da ya rufa wa Ma'u asiri wani dandali ne a intanet. Ba a ɗora komai a kwamfuta. Ka buɗe burauza, ka shiga shafin, ka rubuta kod ɗinka, wato umarnin kwamfuta, a hagu, abin da ka gina ya fito a dama. Ko waɗannan tsofaffin suna iya ɗaukar wannan. Matsalar ita ce zango mai zuwa za a koyar da gina shafin intanet da firemwok, wato ƙwarangwal ɗin gini da wasu suka riga suka haɗa, kai naka ka sa bango da ƙofa. Dandalin yana da firemwok sama da arba'in. Wanda Malam Jaji ya zaɓa ne kawai babu, kuma ba za a canza ba, don ya riga ya sa an rubuta sunansa da fenti a allon ƙofa.

Masu dandalin mutanen kirki ne irin na zamani. Idan ka ce musu abu kaza babu, sai su ce ƙofa a buɗe take, zo ka yi da kanka kyauta, mu kuma mu nuna maka inda ka yi kuskure. Ma'u ta shiga. Mako bakwai tana fama. Ta rubuta fayil ɗin da zai gaya wa dandalin abin da zai ɗauko da umarnin da zai tayar da shi. Ta gano dalilin da ya sa shafin ba ya sabunta kansa idan an canza rubutu, ta gyara. Ta rubuta gwaje-gwajen da na'ura za ta riƙa yi da kanta, idan komai daidai ta nuna kore, idan akwai matsala ta nuna ja. Mai duba aikin nata wani ne da ba ta san sunansa ba, ba ta san ƙasarsa ba, hoton kyanwa kawai ya sa a madadin fuska, don haka take kiransa Mai Kyanwa. Gyara talatin ya yi mata, kowanne ya fara da yabon aikinta, sannan ya wargaza shi.

Saura abu ɗaya: ƙaramin shafin misali, wanda duk wanda ya zaɓi firemwok ɗin zai fara gani. Ta duba na sauran, duk jerin ayyukan yini ne, sayo madara, fita yawo da kare. Ta yi tunanin ranar da za ta tsaya gaban ɗalibai ashirin a Kusada tana bayyana musu dalilin da mai hankali zai rubuta a kwamfuta cewa zai kai kare yawo. Sai ta yi nata: jerin manoma masu karɓar taki, da suna, da gari, da lambar waya, da yawan buhu. Ƙirƙirar sunaye ɓata lokaci ne, sai ta buɗe wayarta ta kwashe goma. A layin farko ta rubuta Gajere, Boko, buhu biyar. Ta yi murmushi ita kaɗai, ta ce a ranta ko sau ɗaya dai a fara da shi.

Malam Jaji mutum ne da bai yarda alheri ya kwana a ɓoye ba. Da ya leƙo ya ga shafin, sai ya sa aka buga shi a takarda, aka manna a ƙofar cibiya, ya rubuta a sama da jan biro: AIKIN CIBIYARMU A INTANET. Ranar kuwa ranar kasuwa ce. Kafin azahar 'yan acaɓa sun haddace sunayen goma, kafin la'asar labari ya isa Boko da Tafashiya. Washegari Ma'u ta tarar da mutane zaune a inuwar ƙofa, wani da kaza, wani da kwanon gyaɗa, kowa na so a taimaka a sa shi. Malam Jaji bai yi musu ƙarya ba. Ya ce ana duba lamarin, ya karɓi kazar.

Ta yage takardar, ta yi wa na ƙofa bayani har muryarta ta dushe. Suka saurara da ladabi, suka tafi da tabbacin cewa an cika gurbi. Tana komawa ciki wayarta ta yi ƙara. Kawu ne, wanda rabonsa da kiranta tun sallar bara.

"Ma'u ɗiyata, kin tashi lahiya? Ya mutan Kankia? Ya aiki?"

Aiki ya ce. Ta kusa sakin wayar.

"An karanta mani," in ji Kawu. "Ni na farko. Ashe abin da kike yi ke nan shekara da shekaru, kin yi shiru. Allah shi yi maki albarka, shi ba ki masu yi maki."

Nan ne wurin da ya kamata ta ce, Kawu, wasa ne. Kalma uku. Amma addu'ar ta yi tsawo, ta bi ta kan mijinta da 'ya'yanta da waɗanda ba a haifa ba, kuma ba a katse babba yana addu'a. Ta yi ta cewa amin, amin, har kati ya ƙare masa. Ta zauna da wayar a hannu tana jin wani daɗi da ta san ba nata ba ne.

A makon ne kuma ƙungiyar manoma ta fara rubuta sunan masu karɓar taki na gaske a ƙofar mai unguwar Boko, buhu biyu kowa, za a rufe ranar Alhamis da la'asar. An ce bana da gaske ake, don motar ta riga ta sauke buhunan, ana ganinsu da ido. Geron Kawu ya kai gwiwa, ganyen ya fara yin rawaya, ƙasar ta gaji. Mahaifiyar Ma'u ce ta gaya mata cewa yayanta ya ce ba zai je ba.

Ranar Talata ta tashi aji da wuri ta hau acaɓa zuwa Boko. Ta shirya maganar tun a hanya, ta maimaita ta sau biyar. Ta tarar Kawu ya sa an yanka zabuwa, an shimfiɗa mata sabuwar tabarma a gindin darbejiya, maƙwabta uku suna zaune. Mutumin da ke kawar da kai idan an ambaci aikinta shi ne yau yake nuna ta da hannu.

"Ga ta nan. Ita ke sa suna bisa intanet. Wanga jeri ba na hannun mutum ba ne, balle a goge a hanya."

Ta ci naman zabuwar, bai wuce mata da daɗi ba. Da maƙwabta suka ɗan ja gefe sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Kawu, da ka daure ka je wurin mai unguwa ma an rubuta ka. Ko don a samu biyu."

"Mai buhu biyar shi je shi bi layin buhu biyu? In tare wa wani wuri? Ai wannan haɗama ce." Ya dube ta da kyau. "Ko kina shakkar aikinki?"

"A'a, Kawu."

"To, shi ke nan. Ni kau ban shakka."

Ta dawo Kankia da ƙullin gyaɗa da sauran cinyar zabuwa a leda. Ta gaya wa kanta ai saura kwana biyu, gobe za ta koma ta same shi shi kaɗai, ba a kunyata dattijo a gaban maƙwabta. Uzuri ne mai kyau, har ita ta kusa yarda da shi.

Goben ba ta koma ba. Da daddare sai ga gyara na talatin da ɗaya. Mai Kyanwa ya yaba wa shafin misalin, ya ce sabon abu ne mai ban sha'awa, sannan ya ce lambobin wayar sun yi masa kama da na gaske, shi ya sa ya kira ta farko don ya tabbatar, wani dattijo ya ɗauka. Ba sa sanya sunan mutane na gaske da lambobinsu a misali. A cire su duka. Kuma gobe Alhamis za su rufe sabuwar fitowar dandalin, abin da bai shiga ba sai bayan wata uku. Sabon zangon Ma'u ranar Litinin zai fara.

Ba ta gama karantawa ba Kawu ya kira.

"Bature ya kira ni! Daga waje! Ya ce Gajere, na ce yas. Ya yi ta magana, ni dai ina yas. Kin ga an tantance ke nan."

"Kawu..."

"Allah shi yi maki albarka."

Ta ce amin. Bakinta ya riga ya saba.

Ranar Alhamis ta isa Kusada da tsari mai kyau. Canza sunaye aikin minti goma ne. Ta canza, ta tura, ta hau acaɓa, kafin azahar tana Boko, ta gaya wa Kawu gaskiya, ta raka shi ƙofar mai unguwa da kanta. Ta goge sunayen goma, ta sa Manomi na Ɗaya, Manomi na Biyu, har zuwa goma, lambobin waya duk sifiri. Ta tura, ta ɗauki jakarta ta tsaya tana jiran kore. Na'urar gwajin minti arba'in take ɗauka, don ba Ma'u kaɗai ke layi ba. Da ta gama sai ta nuna ja.

Ta buɗe ta ga dalili. Gwajin da ita da kanta ta rubuta makonni da suka wuce ne, wanda ke duba ko shafin ya buɗe daidai. Abin da ta koya masa ya nema shi ne sunan da ke layin farko. Saƙon a fili yake: an nemi Gajere, ba a same shi ba. A duk duniya wannan ne karo na farko da aka cire sunan Kawu daga jeri wani ya lura, shi ma na'ura ce.

Ta gyara gwajin, ta tura, aka ɗauke wuta. Malam Jaji ya ce janareta babu mai, ya tafi nema da kansa, kuma shi ba ya wuce mutum bai gaisa ba. Da wutar ta dawo sai sabis ya tafi. Ta fita bayan gini, wurin da ake samun sandar sabis biyu, ta riƙe waya sama kamar mai shanya. Aka kira azahar. Ta tura, ta jira minti arba'in, ja ya sake fitowa, don a wani fayil ɗin ma akwai Gajere. Ashe wuri uku ta sa shi.

Wajen ƙarfe biyu da rabi ta ɗauki waya ta nemo lambar Kawu. Ta daɗe tana kallonta. Irin wannan magana ba a yi wa babba ita a waya, in ji zuciyarta, rashin kunya ne, sai an je an durƙusa. Gaskiya ne. Wata gaskiyar kuma ita ce ba ta son jin yadda muryarsa za ta canza. Ta kuma san tana iya rufe kwamfutar ta tafi yanzu, a yi wata uku ana jira, ɗalibai su zo Litinin su tarar da fenti kawai a allon ƙofa. Ta duba agogo ta ce sau ɗaya kawai, wannan karon zai wuce. Ta ajiye wayar a kife.

Bai wuce ba sai a karo na huɗu, ƙarfe huɗu da minti ashirin. Kore ya fito. Bayan minti biyu Mai Kyanwa ya haɗa aikin da na dandalin, ya turo mata hoton tafi, ya ce sunanta ya shiga jerin masu gina dandalin. Malam Jaji ya rungume hannu yana cewa ai dama ya san cibiyarsa za ta kai nan, ya tambaya ko a buga a manna a ƙofa. Ta fita da gudu neman acaɓa.

Ruwa ya ɓata hanya, suka yi ta kewaye kududdufai. Da suka iso ƙofar mai unguwa ba kowa, sai benci biyu da ɓawon gyaɗa. Wata mata mai tallan awara ta ce masu rubutun sun tashi tun bayan sallar la'asar, sun tafi da littafinsu. Ma'u ta tambaya ko Gajere ya zo, duk da ta san amsar. Matar ta yi dariya ta ce ai shi nasa daga waje zai zo.

Ta same shi a bakin gona, zaune kan kututture, sanye da farar rigar. Wankakkiya ce, har da guga. Ta durƙusa ta gaishe shi, ya amsa da fara'a, ya ciro ƙaramar wayarsa ya nuna mata cewa ya cika ta da caji ko za a sake kira.

"Nuna mani shi da idona," ya ce. "Ni dai karanta mani aka yi."

Ta buɗe shafin a wayarta ta miƙa masa. Kawu bai iya boko ba, amma ya san siffar sunansa, ya sha ganin ana rubuta shi. Ya bi layin farko da yatsa, ya bi na biyu, ya sauka har ƙasa, ya sake hawowa.

"An cire ni."

"Ni na cire ka, Kawu." Ta gaya masa duka: babu taki a jerin, ba a taɓa yin niyyar ba kowa komai ba, misali ne na koyar da ɗalibai, ita ta sa buhu biyar ɗin daga kanta. Ta ce tun ranar farko ta sani, ranar zabuwa ma ta sani. Ta ce kunya ce ta hana ta, sannan ta gyara ta ce ba kunya kaɗai ba ce, daɗin yabonsa ta ji.

Kawu ya dubi geron. Ta so ya yi faɗa, ya kira ta mai latse-latse, ko ya tashi ya bar ta a wurin. Sai ya miƙo mata wayarta da hannu biyu.

"To, gara ke," ya ce. "Shekara talatin ana cire ni, ba wanda ya taɓa takowa shi ce shi ne."

"Zan nemo maka buhu biyu a kasuwar Kankia, gobe-goben nan."

"Ki kawo, gero na so." Ya kakkaɓe gaban rigarsa. "Amma na kasuwa ai ba a kiran suna."

Hawaye ya zubo mata, ba ta share ba. Ya miƙe a hankali, ya cire farar rigar ya ninke ta da kyau kada ta yi datti, ya rataya a kafaɗa. Har ya yi taku biyu sai ya juyo.

"Naki fa? Wanda kika tsaya yi. Sun sa sunanki?"

"Sun sa, Kawu."

"Ba su cire ba?"

"Ba su cire ba."

"Alhamdu lillahi," in ji Kawu Gajere. "Gidanmu dai an samu ɗaya."